Farin tabon da ke jikin akwatin kifin da na sayo a Ajah

Kusan mako biyu akwatin nan ya yi a barandarmu a Ketu kafin ya karɓi ruwan da kifi zai zauna a ciki. A cikin kwanakin na ɓata fuska ɗaya ta gilashin da hannuna, kuma har yau idan na leƙa ta jikin bango na hango zanen da na yi masa sai in ji babu daɗi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Akwatunan kifi na hannu sun yi yawa a Legas yanzu, domin duk mai shirin tashi zuwa ƙasar waje sai ya sayar da kayan ɗakinsa, akwatin gilashi kuwa ba ya bin mutum cikin jirgi. Wani ɗan'uwa zai saya kamar yadda na saya, zai tarar da farin tabon da na tarar, kuma na san abin da hannunsa zai fara ɗauka.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana gadi a wani rukunin gidaje a Ajah. Wata Laraba da la'asar ina kasuwar Mile 12 ana sauke mana albasa daga tirela, sai ga kiransa. Ya ce, "Ɗana, maigidan nan namu zai tashi da iyalinsa, ana ta sayar da kaya. Akwai wani akwatin gilashi na kifi, ya fi shekara yana gareji babu komai a ciki. Na ce kada a ba kowa sai na ji ta bakinka." Na ce, "Kawu, bai tsage ba?" Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, datti ne kawai. Zo ka gani da idonka."

Kawu ya san dalilin da ya sa ni ya kira. Mu mutanen Yauri ne, mahaifina Basarke ne. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya taru ya zama tafki har ƙofar garinmu, kuma a kan ruwan nan Baba ya ƙare ƙarfinsa. Ina yaro aikina shi ne in zauna a gindin kwalekwale ina tsince ƙananan kifin da suka maƙale a taru, in zuba su a ƙwarya da ruwa, in yi ta kallonsu har rana ta yi zafi sannan in mayar da su kogi. Na san kurungu da karfasa da minjirya tun kafin in san baƙi da wasali. 'Ya'yana kuwa a nan aka haife su. Ruwa ya kewaye Legas ta ko'ina, amma kifin da suka sani shi ne na kan tire, ko tarwaɗar da ke cunkushe a baho a bakin kasuwa tana jiran wuƙa. Autarmu shekararta shida, ba ta taɓa zama ta kalli kifi yana iyo cikin natsuwarsa ba. Wannan abu ya daɗe yana damuna.

Ranar Lahadi muka je da motar wani abokina mai ɗaukar kaya. Muka shimfiɗa tsohuwar katifa da buhunan albasa marasa komai, muka ɗora shi, na zauna a baya na riƙe shi da hannu biyu tun daga hanyar Lekki zuwa Epe, muka hau gadar Third Mainland, muka bi ta Oworonshoki da Ojota har gida. Tsawonsa santimita 90, faɗinsa 40, tsayinsa 45. Idan ka lissafa, lita 162 yake ci in an cika shi har baki.

Sai da muka sauke shi a hasken rana na ga abin da na sayo. Daga sama, kamar yatsa huɗu ƙasa da baki, akwai wani farin layi da ya zagaye shi gaba ɗaya, mai kauri, in ka shafa sai ka ji kamar busasshen siminti. Ba layi ɗaya ba ne ma, hawa-hawa ne, kamar yadda gaɓar kogi ke nuna inda ruwa ya tsaya kowane wata bayan damina. Ƙarƙashinsa akwai ja-ja irin na tsatsa. Can ƙasa busasshiyar gansakuka ta manne, da ragowar yashi a kusurwoyi. Ta waje kuma, a fuskar baya, an taɓa liƙa takarda mai hoton teku, an ɓare ta, gam ɗin ya zauna ya kama ƙura ya yi baƙi.

Da daddaren nan na ɗebo bokiti da omo da soson ƙarfe na wanke tukunya. A tunanina datti datti ne, ƙarfi ne maganinsa. Na durƙusa na yi ta dirza har gumi ya jiƙe mini riga. Gansakukar ta fita, amma farin layin ko gezau. Na ƙara ƙarfi. Da safe da gilashin ya bushe, rana ta faɗo a kansa, sai na ga fuskar gaba, wadda ta fi kowacce kyau, ta cika da siraran zane masu zagaye kamar an bi ta da allura. Na tsaya na daɗe ina kallo. Uwargida ta fito da tsintsiya ta same ni a haka, ta duba, ba ta ce komai ba sai "Sannu, Maigida."

Daga baya na gane yadda aka yi. Ban share yashin da ke kusurwa ba kafin in fara, soson ya kwashe shi, ni kuma na yi ta murza shi a jikin gilashi. A ma'aunin taurin duwatsu da ake kira Mohs, gilashi yana wajen 5 da rabi, ƙwayar yashi kuwa tana 7. Duk abin da ya fi wani tauri zai zana shi. Ƙwaya ɗaya tak a ƙarƙashin soso ta isa, kuma zanen da ya shiga gilashi ya shiga ke nan. Don haka kafin komai, a kwashe yashi tas, a ɗauraye da ruwa zalla sau biyu ko uku, a bi kusurwoyi da yatsa har a daina jin ƙaiƙayinsa.

Omo ɗin ma kuskure ne. Sabulu guba ne ga kifi, yana lalata jan naman nan da ke ƙarƙashin kumatunsa wanda yake numfashi da shi, yana kuma wanke santsin jikinsa da ke kare shi daga cuta. Ragowarsa tana laɓewa a bakin gam ɗin kusurwa. Sai da na yi ta ɗauraya daga baya fiye da yadda ya kamata a ce na yi, duk saboda daren farkon nan.

Wata dattijuwa a gidanmu ta ce in jiƙa kanwa in shafa, ai kanwa ba ta barin maiƙo. Na gwada don girmamawa da kuma fata. Babu abin da ya canza.

Rana ta uku da yamma Baba mai gilashi ya biyo ta ƙofarmu. Haka yaran layi ke kiransa. Bahaushe ne haifaffen Agege, yana haɗa tagogin alminiyam, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa. Ya tsaya ya dubi akwatin, ya dube ni, ya ce, "Ɗan Yauri, waye ya yi wa gilashin nan haka?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya girgiza kai, ya tsuguna. Abin da ya fara yi shi ne ya ciro makulli daga aljihu ya ƙwanƙwasa gefen akwatin a hankali. Ya yi ƙara siririya. Ya nuna mini bakin gilashin, inda kaurinsa ke bayyana, ya ce in duba launin kore-koren nan. "Wannan gilashi ne na gaske. Akwai masu kama da shi na roba, su ba su da nauyi, ƙararsu a dushe take, kuma ba ka ganin gam a kusurwarsu. Da irin wancan ne, da ban bari ka kusance shi da reza ba, don reza yanka shi take yi. Wannan kuwa reza ba ta yi masa komai in ka iya riƙe ta."

Sannan ya kankare ɗan farin da farcensa ya murza a yatsa, ya ce da uwargida, "Hajiya, kina da ruwan kal a kicin?" Ta kawo ragowar wata kwalba. Ya ɗiga a kan layin. Muka sunkuya mu huɗu, har da Auta. Bayan ɗan lokaci sai ga wasu ƙananan kumfa suna tasowa daga jikin farin, ƙanana kamar idon allura, in ka kasa kunne har wata 'yar ƙara suke yi. Auta ta ce, "Abba, yana tafasa!" Baba mai gilashi ya ce, "Yauwa. In ya yi kumfa, tsami ne maganinsa."

Abin da ke jikin gilashin, ashe, ɗan'uwan farin nan ne da ke taruwa a gindin tukunyar mai shayi. Sinadarinsa ɗaya da na bawon ƙwai, da bawon kodi, da dutsen da ake haƙowa a Ewekoro ta jihar Ogun ko a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti. Masana suna ce masa kalsiyam kabonet. Ba ya narkewa a ruwa yadda gishiri ke yi, sabulu ba ya taɓa shi, kanwa ma ba ta taɓa shi domin ita da shi ɓangarensu ɗaya, dukansu kishiyoyin tsami ne. Amma da zarar tsami ya hau shi sai ya warware, iskar da ke ɗaure a cikinsa ta fita, ita ce kumfar da muka gani. A daren nan na jefa bawon ƙwai a kofin gilashi na zuba ruwan kal na ajiye wa Auta a kan taga. Ta yi ta zuwa dubawa har barci ya ɗauke ta, washegari ta tarar bawon ya yi laushi yana narkewa.

Na kira Kawu na tambaye shi yadda ake kula da akwatin a da. Ya ce maigidan ya cika gindinsa da bawon kodi da wasu fararen duwatsu da ya kwaso a bakin teku don ado, kuma yaron gidan bai taɓa kwashe ruwan ya sake ba, in ya ragu sai ya ƙara kawai. Nan na fahimci komai. Bawon yana narkewa kaɗan-kaɗan a cikin ruwa. Ruwa yana tashi sama da zafi, amma abin da ya narke a cikinsa ba ya tashi, sai ya zauna a bakin ruwan ya bushe a jikin gilashi. A ƙara ruwa, ya sake ƙafewa, ya sake barin nasa. Shekara da shekaru haka, shi ne hawa-hawan da na gani. Jan kuwa na ruwan unguwar ne. Duk wanda ya zauna a Ajah ko Lekki ya san ruwan burtsatsen can, yana fitowa garau, in ya sha iska ya koma ja, ya ɓata baho da tayil da fararen kaya, saboda ƙarfen da ke cikinsa.

Ga yadda aikin ya tafi, kuma a nan ne nake so mai karatu ya natsu. Ruwan kal fari nake nufi, na girki, wanda tsaminsa kashi 5 ne cikin ɗari. Matsalarsa ita ce in ka fesa a gilashin da ke tsaye sai ya gangare kafin ya yi aiki, ragowar kuma zafin Legas ya busar da ita. Don haka muka shimfiɗa bargo a ƙasa, muka kwantar da akwatin a gefensa ni da babban ɗana, ta yadda fuskar da za a wanke ta koma ƙasa kamar faranti. Na yayyaga tsohuwar farar singileti na shimfiɗa a kan layin, na zuba ruwan kal har tsumman ya jiƙe sharkaf, na rufe da leda don kada ya bushe. Na bar shi na tafi sallar Magariba, na tsaya har Isha'i.

Da na dawo na ɗaga tsumman, farin ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen alli. Na ɓare sabuwar reza, na naɗe gefe ɗaya da salatif don yatsuna. Baba mai gilashi ya riga ya nuna mini riƙon: a kwantar da ita sosai, kusan ta kwanta a jikin gilashin, a tura gaba kawai, a ɗaga, a dawo, a sake turawa. Ba a ja da baya, ba a goga ta gefe, kuma ba a taɓa sa ta a busasshen gilashi. Turawar farko, wani farin abu kamar kunun kanwa ya taru a bakin rezar, bayanta kuma gilashi ya fito tas har ina ganin zaren bargon da ke ƙasa. Na goge bakin rezar a tsumma, na sake turawa. Akwai wata ƙara da take yi in tana cin tabo, shuu, mai laushi. In ƙarar ta canza ta koma ƙiii, to tsaya nan take, ko dai ƙwayar yashi ta shiga, ko bakin rezar ya karye. Reza shida na ƙarar, domin da ta fara dakushewa nake jefarwa. Kusa da kusurwa kuwa nakan tsaya in bar faɗin yatsa ɗaya, wurin nan sai da tsohon buroshin haƙori, don kada reza ta shiga ƙarƙashin gam.

Inda layin ya fi kauri bai fita a jiƙo ɗaya ba. Sai na kankare na sama, na sake jiƙawa, na sake kankarewa, har sau uku a wasu wuraren. Fuska ɗaya a dare ɗaya nake yi bayan na dawo daga kasuwa. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kada a ce za a zuba tafasasshen ruwa don aiki ya yi sauri. Gilashi mai kauri in zafi ya same shi a gefe ɗaya farat ɗaya tsagewa yake yi. Ɗumi kawai ya isa.

A dare na biyu na aikin ruwan kal ne na kusa yin kuskuren da ya fi na soson ƙarfe muni. Na ga baƙi-baƙi a kusurwa, na ce bari in haɗa aiki biyu, na ɗauko ledar bilic irin wadda ake jiƙa fararen kaya da ita, zan tsiyaya a kan tsumman da ke jiƙe da ruwan kal. Allah ya sa Baba mai gilashi yana zaune a kan benci yana shan iska. Ya daka mini tsawar da ban taɓa jin ya yi ba: "Kai! Ajiye!" Bilic da duk wani abu mai tsami in suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Ni kuma kaina yana cikin akwatin, tagar ɗakin yara tana buɗe a saman kaina. Duk wanda zai yi amfani da bilic don kashe ƙwayoyin cuta, ya bari sai wata rana daban, bayan an ɗauraye tsamin tas, ya sirka shi da ruwa mai yawa, ya ɗauraye sosai, ya bar akwatin ya bushe ƙarau har warin ya ɓace. Wani yaro mai gyaran babur ma ya ce in kawo ya ba ni ruwan batir, wai minti biyar ya gama. Na gode masa na ƙi. Abin da ke huda wando ba zan shigo da shi barandar da yara ke wasa ba.

Jan tsatsar bai ji ruwan kal sosai ba. Ya dusashe amma yana nan. Uwargida ce ta kawo maganinsa. Tana yin zoɓo da lemon citta na sayarwa, don haka ba ta rabuwa da ɗan tsami, farin garin nan mai kama da sukari, wanda masu sayar da sinadarai a kasuwar Ojota ke kira sitirik asid. Ta ce, "Maigida, in tsami ake nema ai ga wanda ya fi." Muka zuba cokali uku a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, muka jiƙa tsumma kamar yadda muka saba. Kafin awa ɗaya jan ya saki, tsumman ya koma ruwan ɗorawa. Da na san haka tun farko da shi kaɗai zan yi aikin duka, domin ya fi arha, ba shi da warin da ke hawa kai, kuma yana cin farin da jan gaba ɗaya. Lemun tsami ma zai yi, tsaminsu ɗaya ne, sai dai za ka matse da yawa.

Gam ɗin waje bai ba ni wahala ba. Na shafa masa man gyaɗa ya kwana, da safe reza ta kwashe shi, na bi da auduga da sifirit don maiƙon. Ta waje kawai, ban bari mai ya shiga ciki ba.

Da na gama fuska huɗu na ɗauraye na bar shi ya bushe, sai na ga har yanzu akwai wani hazo a inda layin yake, fari-fari kamar numfashi a jikin madubi. Na shafa, sumul yake, babu abin da farce zai kama. Na ɗiga ɗan tsami, babu kumfa. Na sake jiƙawa dare guda cur, yana nan yadda yake. Raina ya ɓaci sosai a ranar, domin na ɗauka duk wahalar ta tashi a banza. Baba mai gilashi ya zo, ya tsoma yatsa a buta ya shafa a kan hazon. Inda ruwan ya taɓa sai ya ɓace, gilashi ya fito garau. Da ya bushe ya dawo. Ya ce, "Ɗan Yauri, wannan ba datti ba ne kuma. Tabon ya daɗe a kansa har ya ci fatar gilashin, ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya rabewa. Ko shekara za ka yi kana wankewa ba zai fita ba. Amma ruwa yana cike ramukan. Kai kuma ai ruwa za ka zuba." Ya ce akwai wani gari da masu goge gilashin mota ke amfani da shi da inji, amma aikin yana da yawa, kuma in hannu bai ƙware ba sai a bar kwari a gilashin. Shawararsa ita ce in cika ruwa ya haura layin, in daina wahalar da kaina. Na bi.

Da zanen soson ƙarfen kuwa, shi ruwa bai ɓoye shi duka ba. Sai muka juya akwatin: fuskar gaba ta koma jikin bango, ta bayan da na cire wa gam ta zama gaba. Ita takardar hoton teku ta kare ta shekara da shekaru, ko ƙwarzane ɗaya babu ta waje.

Saura kusurwa. A ɗaya daga ciki gam ɗin silikon ya ɗago, in ka taɓa sai ya yi motsi kamar tsohuwar fata. Baba mai gilashi ya ce sabon silikon ba ya kama tsoho, don haka liƙe a kai ɓata kuɗi ne. Shi ya yi wannan aikin, ni ina riƙe masa fitila. Ya yanke na cikin duka da reza, amma bai bari bakinta ya shiga tsakanin gilashi da gilashi ba, domin siririn gam ɗin da ke can shi ne ke riƙe da akwatin. Ya goge da sifirit, ya liƙa salatif gefe da gefe don layin ya miƙe, ya matsa sabo, ya bi da yatsa sau ɗaya. Ya ja mini kunne a kan irin da ake saya: wanda ake sa wa a banɗaki da kicin galibi an haɗa shi da maganin hana fumfuna, maganin nan kuwa yana kashe kifi. A nemi wanda aka rubuta na akwatin kifi ne a jikinsa. Yana bushewa yana warin ruwan kal. Kwana uku muka ba shi.

Ranar gwaji na tsayar da mai ruwa, wani yaro ɗan Katsina da ke turo kura a layinmu. Muka shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa inda ya daidaita, muka ɗora farin soson nan na cikin kwalin firji, muka ɗora akwatin. Jarka shida ta lita 25 ya sha. Yana juye ta ƙarshe, ruwan ya haura layin, hazon ya ɓace a gaban idonmu. Yaron ya ja da baya ya ce, "Alhaji, ai kamar babu gilashi." Kwana biyu na bar shi ina duba jaridar safe da yamma, ba ta jiƙe ba. A tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato kilo 150 ke nan ban da gilashi da yashi, ya fi buhun albasa nauyi nesa ba kusa ba. Teburin falo ba zai ɗauka ba. Mai walda ya haɗa mini ƙafafun ƙarfe. Kuma ba a ɗaga akwati da ruwa a ciki ko kaɗan ne, sai an zuƙe shi da tiyo.

Ruwan gwajin na ba uwargida ta yi wanki, na sake ɗauraya, sannan muka shigar da shi falo. Auta ta ɗauka a ranar kifi zai zo. Sai da na zaunar da ita na yi mata bayani. Kashin kifi yana fitar da guba a ruwa, akwai kuma wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama a soson matatar ruwa suna cinye gubar, amma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawa. Akwatin da aka wanke da tsami ba shi da ko ɗaya. Mai sayar da kifin ya ba ni guntun tsohon soso daga nasa akwatin don su yi saurin kamawa, ni kuma kullum ina jefa ɗan abincin kifi a ruwan da babu kowa. Auta tana ƙirga kwanaki a jikin kalanda da biro.

Mako na biyar muka kawo guda biyu, mace da namiji, irin da masu sayarwa ke kira kirib. Na zaɓe su ne da na ji cewa 'yan ƙasa ne, asalinsu ƙoramun kudancin Najeriya da Kamaru, ko da yake yanzu ana kiwonsu a gidaje har Turai da Amurka. Macen tana da jan ciki kamar an shafa mata zoɓo. Suna son wurin ɓuya, na kifa musu rabin ƙoƙon kwakwa da na yi wa ƙofa. Bawon kodi kuwa ko ɗaya ban sa ba. Na yi wa akwatin murfi don ruwa ya rage tashi, kuma kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan zuƙe jarka ɗaya da rabi in zuba sabo, in bi bakin ruwan da tsumma mai tsabta wanda ba ya taɓa sabulu.

Daren da suka kwana uku na kira ƙanena a Yauri ta bidiyo na ce ya kai wa mahaifinmu wayar. Idonsa ya yi rauni yanzu. Na juya kyamarar ga akwatin, ya ce in matsa kusa, na matsa har wayar ta taɓa gilashi. Macen ta fito daga ƙoƙon ta tsaya tana kaɗa fiffikenta. Baba ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, "Wannan ai dangin karfasa ce. Me kake ba su?" Na gaya masa. Ya ce in Kawu zai dawo daga gida bayan Sallah zai sa a nemo mini ƙaramin kurungu a saka a jarka, in dai zan iya riƙe shi. Auta ta karɓe wayar tana nuna masa wanda ta ce nata ne.